Matajin Mai Sanƙo

Zuwa ga Yaya Makaniki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman jeji? Mu nan kowa lafiya. Inna na fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta ras yake. Ta ce in tambaye ka ko kamfanin nan ne ya haife ka, ba wanta ba.

Ka ce in riƙa ba ka labarin mahaifinka ba ƙari ba ragi, tunda kunnen nan da igwa ta kashe masa ba ya jin waya. To, yau labarin mai daɗi ne. Ka san tun da Kawu Saje ya dawo daga asibiti ko ƙofar gida bai leƙa ba. Ranar Asabar na kai masa wanki da safe, sai na tarar da shi tsaye, ya goge takalmansa na soja har suna ɗaukar ido, ya rataya tsohuwar jakar kakinsa. Ya ce, "Malama, yau ba makaranta ko? Biyo ni. Kin daɗe kina damuna da tarihin garin nan saboda ɗalibanki, yau za ki ƙoshi."

Mun fara da shagon mai aski. Aka gyara masa gemu, mai askin ya shafa sanƙonsa ya ce, "Saje, nan kam Allah ya riga ni." Kawu ya ce, "Shi ya sa ya fi naka kyau."

Daga nan muka gangara tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda yanzu masu sayar da tsofaffin tayoyi suka mamaye. Ni da nake koyar da tarihi, wallahi ban taɓa sanin daga nan aka kwashe su zuwa yaƙi ba. Ya nuna mini ramin da ke jikin bango inda agogon tasha yake a da, da wurin da aka auna tsawonsu da sanda. Ya sa wani mai taya ya ɗaga kayansa, sai ga guntun famfo ya yi tsatsa. Ya ce a bakin famfon nan ya fara haɗuwa da Mai Begila, sun yi dambe a kan wa zai fara sha, kafin jirgi ya tashi sun zama aminai.

Gidan marigayi Mai Begilan muka nufa. Bayan sun gaisa da matarsa, Kawu ya buɗe jaka ya zaro wani cokali da ya lanƙwashe ya miƙa mata. Ya ce na mijinta ne, ya ara tun a filin daga. Ta daɗe tana kallon cokalin, sannan ta tashi ta shige ɗaki, ko rakiya ba ta yi mana ba. Na ji tausayinta, an tuna mata da mijinta.

Sai gadar nan ta bayan kasuwa. Ashe rundunarsu ce ta gina ta bayan yaƙi, shekarar da ambaliya ta raba garin biyu. Ya sa na sauka ƙarƙashinta da takalmina mai tsini, na ga shatin tafin hannu a jikin siminti. Ya ce na kukunsu ne, santsi ya kwashe shi ya dafa, aka bar shi haka don a riƙa yi masa dariya. 'Yar kukun tela ce yanzu, shagonta na kusa. Ita kuma basilla Kawu ya mayar mata, ya ce ta babanta ce. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai da ka riƙe, ina da su cike da gwangwani."

Inda na fi shan dariya gidan Kofur Dogo ne, makahon nan da ke zama a benci ƙofar gidansa. Kawu ya ɗora masa usur a tafin hannu. Dogo ya shafa shi ya ce, "Wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne. Ga inda ka cije shi ranar da aka yi mana ruwan wuta."

"Na ce ban san shi ba. Ɗauki abinka ka ba ni wuri."

Kawu ya tura masa shi aljihu da ƙarfi, ya ja da baya ya ƙame ya sara masa. Dogo ya ce, "Matsoraci kawai." Ka ji tsofaffi da faɗan yara.

A hanyar dawowa na ce mu tsaya kantin magani, ya ce wanda yake da shi zai ishe shi. Mun shigo gida da la'asar, jaka ba komai, ni ƙafafuna sun kumbura shi kuwa yana fito. Ya ci abinci fiye da yadda ya saba.

Yaya, ka kwantar da hankalinka, tsohon nan ya warke. Ya ma yi mini alkawarin zai zo ajina in ƙafa ta bari, yara sai murna suke. Ka riƙa wanke baƙin man nan kafin ka taɓa takarda, waccan wasiƙar taka sai da na sa tabarau.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga Malama Uwar Tarihi,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai zafi da sauro. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata kamfani bai haife ni ba amma shi ke shayar da ni.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, motar kayan abinci ce ke kawo mana su, ita kuma sai ta ga dama. Na karanta ta a tsaye, ƙarƙashin wata babbar mota da muka sauke wa giya. Ba ki san nauyin da kika sauke mini ba. Gaskiyar magana, tun da aka kwantar da Baba na yanke shawarar in kwantiragina ya ƙare ƙarshen watan nan in tattara in dawo, ko da faci zan riƙa yi a bakin titi. Manaja yana ta bina in sabunta, ya ce zai ba ni shugabancin gareji, ni kuwa ina ta kauce masa. Da na ji Baba ya zaga gari a ƙafa har yana faɗa da Kofur Dogo, sai na ce to me ya rage? Jiya na sa hannu, shekara guda. In na gama sai in dawo da abin buɗe garejina, in zauna kusa da shi gaba ɗaya.

Ki karanta masa wannan a kunnen dama. Ki ce ɗansa ya zama babba a wurin aiki.

Batun takalmi mai tsini a ƙarƙashin gada, ai ni na san karatu ba ya maganin ƙauyanci. Da ma ina nan in gani.

Yayanki kuma ubangidanki,
Makaniki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai jarrabawa ta sa mu a gaba, takardun yara sun cika mini ɗaki. Barka da ƙarin girma, Allah ya sa albarka. Ubangida kuma, sai ka dawo mu ga wanda zai ɗaukar wa wani jaka.

Na karanta wa Kawu wasiƙarka a kunnen dama yadda ka ce. Da na zo wurin shekara guda sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Haka namiji yake yi." Sannan ya ce in samo masa takardar naɗe kaya da zare, in rubuta masa adireshinka da manyan baƙaƙe.

Ka san me zai aiko maka? Wani ɗan mataji baƙi, haƙoransa biyu sun karye. Wai naka ne, ya ara a tashar mota ranar da za ka tafi. Na ce, "Kawu, me mai sanƙo yake yi da mataji?" Ya ce, "Ajiya." Ya naɗe shi da kansa, ya ɗaure tamau kamar mai ɗaure harsashi. Ƙunshin na cikin jakata, in na sami sarari zan biya gidan waya.

Tun ranar yawon nan bai sake fita ba, ya ce gajiya ce, abinci ma ya rage. Ina ganin mun wuce gona da iri ne ranar. In an gama jarrabawa zan ja shi zuwa ajin.

Malama

*

Ƙanwata,

Ina fatan kuna lafiya. Ban jira amsarki ba, don ban san ko ta taso ba. Ki karanta wannan a zaune.

Yau da safe wani direba ya zo aron sifana. Da zai tafi na ce masa cikin wasa, "Ka dawo da ita, mai aro ba ya mutuwa." Maganar na fita daga bakina sai na ajiye aikin da ke hannuna. Na koma ɗaki na ɗauko wasiƙarki ta farko, na karanta ta yadda ya kamata in karanta tun ranar.

Ke ba ki sani ba, don ba a gidan kika tashi ba. Ni ina yaro Baba ya sha gaya mini. A rundunarsu, in za a shiga wuta, kowa sai ya ari wani ɗan abu a wurin ɗan'uwansa, cokali ko maɓalli ko allura. Suna cewa wanda ke riƙe da kayan mutane ba ya faɗuwa, dole ya dawo ya mayar. Sun san ajali na Allah ne, amma abin da suke riƙe zuciya da shi ke nan. Bayan yaƙi ba wanda ya mayar da na wani. Kowa ya ajiye, suka ce sai ranar da mutum ya shirya. Na taɓa ɗaukar cokalin nan zan sha koko da shi, ranar ce kaɗai Baba ya taɓa marina.

Ba yawon tarihi kuka yi ba, Malama. Sallama ya je yi. Matar Mai Begila ta gane, Kofur Dogo ma ya gane. Ni da na fi kowa sanin maganar, na karanta a tsaye ina dariyar takalminki, na je na sa hannu.

Saura abu guda. Ranar da zan taho, mota har ta tashi, ya leƙo ta taga ya ce in ara masa matajina. Mutanen motar suka yi ta dariya, ni ma na yi. Ki je ki duba ko yana nan, yana ajiye irin waɗannan a gwangwanin da ke ƙarƙashin gadonsa. In yana nan, ki yi duk yadda za ki yi kada ya bar gidan. Ki ɓoye, ki yi ƙarya, ki ce ya ɓata. Ni kuma yanzu zan shiga wurin manaja.

Yayanki

*

Yaya,

Lafiyarmu ƙalau ni da Inna. Ta Kawu ce ba zan iya ce maka ƙalau ba.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Ƙunshin ya yi kwanaki a jakata, kullum Kawu sai ya tambaya ko na kai, ni kuma ina ce masa gobe. Da ya gaji sai ya ce in ba shi zai ƙara wani abu a ciki. Na ba shi. Washegari ina makaranta ya sa takalmansa ya ja jiki zuwa gidan waya, mai askin nan ne ya tsince shi zaune a bakin kwata ya kawo shi gida. Kwana ɗaya tsakani taka ta iso. Na ruga gidan waya da alli a hannuna, ma'aikacin ya ce jakar wasiƙu ta riga ta tafi.

Daga can gidan Kofur Dogo na wuce. Tun kafin in yi sallama ya ce, "'Yar rakiya ce? Sai yau kika gane?" Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce, "Ke kina ta ƙyalƙyala dariya, ta ina zan shiga? Na ce masa matsoraci a gabanki, me kike so in ƙara?" Ya zaro usur ɗin ya ce in mayar wa Kawu. Ya ce bel ɗin da ya ara a wurin Kawu yana hannunsa har yau, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bayar ba.

Na kai usur ɗin, Kawu ya ƙi ko taɓawa. Na miƙa masa laimata na ce ya ara, damina ta kusa. Na ciro agogona, na ciro alƙalamina. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ba a ba mutum aro, shi yake nema. Kuma ba na ɗaukar abin da na san ba zan mayar ba."

Sannan ya gaya mini abin da likita ya ce masa ranar da aka sallame shi. Ciwon ya ci hanta, maganin na rage zafi ne kawai. Ya hana likitan gaya wa kowa. Na ce to me ya sa bai riƙe matajinka ba, ko don ka zo. Ya ce da farko ya riƙe, shi ya sa bai sa shi a jaka ba ranar yawon. "Amma da na ji ya sami girma a wurin aiki, sai na ce in na riƙe masa mataji na riƙe masa ƙafa ke nan. Ya bar abincinsa ya zo ya zauna yana kallon tsoho yana ƙarewa? Na ga irin wannan kallon da yawa, ba ya warkar da kowa."

Yaya, ni da nake gaya wa yara kullum su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa, yini guda ina biye da mutum yana ban kwana, ina tsara darasi a kaina. Kuma wasiƙata ce ta sa ka sa hannu. Ban san me zan ce maka ba.

Idanunsa sun fara yin rawaya. In akwai hanya, ka taho.

Malama

*

Ƙanwata,

Jikina lafiya. Kada ki ƙara ɗora wa kanki, abin da kika gani kika rubuta.

Ƙunshin ya iso, mota ɗaya da wasiƙarki. Mai sito ya kira ni in sa hannu in karɓa. Na gane ɗaurin Baba tun daga bakin ƙofa. Na sa hannuwana a aljihu na ce ban san da shi ba. Ya ce, "Ga sunanka ɓaro-ɓaro." Na ce ya rubuta an ƙi karɓa, ya mayar inda ya fito. Ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa, amma ya rubuta.

Manaja ya saurare ni, har ya ba ni kujera. Ya ce ba zai sake ni ba sai wanda zai canje ni ya iso, kuma fasfona yana babban ofis, sai an rubuta an jira. Na ce zan bi motar abinci ko ba takarda. Ya ce in na kai kan iyaka me zan nuna? Na rubuta, ina jira. Kullum ina zuwa ofishinsa kafin in taɓa ƙarfe, har ya fara kulle ƙofa.

Ki je kunnensa na dama ki gaya masa da ƙarfi: ban karɓa ba. Aro hannu da hannu ake mayarwa, shi ya koya mini, gidan waya ba hannu ba ne. Har yanzu kayana na wuyansa. Ya jira ni.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni da Inna muna nan da rai da lafiya. Ina fatan wannan ba za ta same ka a can ba, amma na san za ta same ka.

Na gaya masa saƙonka yadda ka faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ja'iri, ya fi ni sanin doka." Sannan ya ce, "To, an mayar da ni gadi. Ki gaya masa zan tsaya iyakar ƙarfina, amma mai gadi ba shi ke cewa ga lokacin tashi ba."

Kuma ya tsaya, Yaya, ina so ka san wannan. Ya koma shan maganinsa, ya riƙa tilasta wa kansa abinci. Kowace safiya sai ya sa a fito da shi ƙofar gida, a sa masa takalman nan ko da ƙafafun sun kumbura ba sa ɗauruwa. In babur ya tsaya a layin sai ya ɗaga kai. Ban sani ba ko ɗan gidan waya yake jira ko kai, ban kuma tambaya ba.

Ranar Talata da hantsi mai aski ya zo gida ya gyara masa gemu. Ya tafi wanke hannu, kafin ya dawo Kawu ya jingina kai da bango. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai sha wahala ba. An kai shi kafin la'asar, jama'a sun taru fiye da yadda na zata, har masu tayoyin tashar nan sun zo.

An jawo Kofur Dogo wurin gaisuwa, bel ɗin na naɗe a hannunsa. Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, ya janye. Ya ce, "Wa zan ba? Mai shi ya gudu." Ya zauna har aka watse, ya koma gida da bel ɗin.

Ƙunshinka ya dawo jiya. Ɗan gidan waya ya tsaya a ƙofa yana kiran sunan Kawu, ya ce sai wanda ya aika ya sa hannu. Na ce ba ya nan. Ya ce to wa zai karɓa? Na sa nawa.

Ban kwance ɗaurin ba. Yana cikin jakar kakin, na rataye ta a ƙusar da ya saba. Ɗalibaina sun tambaye ni yaushe tsohon sojan zai zo, na ce su buɗe littafi.

Yanzu matajinka a hannuna yake, kuma ba ajiya ba ce, aro ne, ni na nema. Ba zan aiko ba. In sun sake ka, ka zo ka karɓa.

Ƙanwarka,
Malama